Rasuwar Mai Nishi a Kashi Sittin da Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu biyu a kumbure waɗanda suka sa rubutun nan ya ci mini kwana uku, ni Kafinta, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda aka fi sani da Mai Nishi. Ta cika ranar Lahadi da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, a kan teburinta da ke kusurwar falo, ana tsakiyar ɗora mata sabuwar manhaja. Shekararta goma sha uku a hannunmu. Ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba. Dukan kawo wuƙa aka yi mata, kuma duk masu hannu a ciki 'yan gida ne.

Marigayiya ta zo gidan nan a bayan babur, daga wani ofis da ya rufe aka yi gwanjon kayansa. A lokacin ina da shekara arba'in da tara, ban daɗe da gama ajin manya ba, inda na koyi karatu a kan bencin da ni na haɗa shi da hannuna tun ban san zan zauna a kansa ba. Mutane sukan gaji da jiran wanda ya koyi karatu da furfura. Ma'aikacin asibiti ya fizge takarda daga hannunka ya cike da kansa, ɗanka ya ƙarasa maka kalma kafin ka kai rabinta. Ita ba ta taɓa yi mini haka ba. Sai in yi minti guda ina neman harafi ɗaya a kan madannai, ɗan layin nan yana ƙyaftawa a inda na bar shi, bai matsa ba, bai yi tsaki ba.

Saboda haka ni ma na jira ta. Idan aka kunna ta da safe sai ta ja dogon numfashi, wuuuu, ta bi shi da ƙirrr, ƙirrr, kamar ana jan tsohuwar durowa, can daga baya ta ce ɗin, sau ɗaya tak. Tsakanin wuuuu da ɗin mutum yana iya shan shayi ya wanke kofi. Daga nan sunanta ya samo asali.

Tunda sanarwar mutuwa ce, ba zan ɓoye ba: marigayiya ta sha hannu a gidan nan. Tun a shekararta ta uku wani abu ya kwance a cikinta, har ya zama in ta ƙame, mari biyu a gefen hagu yakan dawo da ita hayyacinta. Maiɗakina ce ta gano wannan magani, da silifas. Yara suka taso suna marinta kamar gaisuwa, wani lokaci ma tun kafin ta yi laifi. Ƙanin maiɗakina, mai walda, wanda ke cin abincin rana a gidanmu duk Lahadi, ya mai da abin ilimi. Yana cewa duk abin da ke da waya a jikinsa, rediyo ne ko janareta, yaren duka kaɗai yake ji, ni ne kawai nake lallashin ƙarfe kamar amarya. Gefenta na hagu ya lotsa, fentin wurin ya goge. Ni dai a shekara goma sha uku ban taɓa ɗaga mata hannu ba.

Babban aikin da ta yi a rayuwarta shi ne riƙon amanar Yaya. Yaya ita ce babbar 'yar gidanmu, ita ta raine ni bayan mahaifiyarmu ta rasu ina jariri. Shekara shida, galibin ranakun Asabar da safe, takan zo ta zauna gaban makirufo ta ba da labarin iyayenmu da gidan da muka taso da mutanen da ban tarar ba, ni ina gefe ina ji, marigayiya tana naɗa. Zama ɗari biyu da goma sha biyu muka yi. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke wa Yaya harshe. Duk da haka ba ta daina zuwa ba. A kawo ta, a zaunar da ita, in kunna mata, ta saurari kanta tana ba da labari, ta yi dariya da rabin baki a daidai inda ta yi dariya a da. Babu inda muryar Yaya ta rage a duniya sai cikin Mai Nishi.

Ciwon ajali ya fara da gargaɗi. Ta riƙa nuna wata sanarwa cewa manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita. Shafuka suka daina buɗewa. Mijin 'yata, ma'aikacin ofis, mutum mai ladabi da sanin na'ura, ya duba ya ce a yanzu tamkar gida ce babu ƙyaure, a bari ya ɗora mata sabuwa. Ranar Juma'a ya kawo mini filashi, ya ce kafin Lahadi in kwafe duk abin da ba na so in rasa.

A nan nawa laifin yake. Zaman Yaya duka suna jere a fuskar allo, ƙananan hotuna, kowanne da 'yar kibiya a gindinsa. Na tattara su na zuba a filashin. Kafin in gyara zama an gama. Na yi mamakin yadda maganar shekara shida ta shige cikin daƙiƙa guda, har tambayar ta zo mini baki. Amma mijin 'ya mijin 'ya ne, mutum ba ya so ya riƙa nuna masa inda karatunsa ya tsaya. Da ya zo ranar Lahadi ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, an kwafe komai?”

Na ce, “An kwafe.”

Ƙarfe goma ya fara aikin. Da lambobi suka kama tafiya sai ya tafi tasha ɗauko mahaifiyarsa, bayan ya roƙe mu, ya sake roƙo, kada kowa ya taɓa ta ko da ta yi wuni a tsaye. Ita ma da kanta ta rubuta a allo cewa kada a kashe ta. Ƙarfe sha ɗaya ta kai kashi sittin da uku, ta tsaya. Na jawo kujera na zauna kusa da ita. Tana nishi, ina ji. Awa uku muka yi a haka, kuma ban damu ba, domin na san halinta. Sai wani mutum ya yi sallama a shago, wanda ke jikin gidan, a kan ƙofar da zan haɗa masa. Minti ashirin na yi a waje.

Abin da ya faru a cikin minti ashirin ɗin, daga bakin waɗanda suka aikata na ji shi. Maiɗakina ta wuce da faranti, ta ga lamba ba ta motsa ba tun hantsi, ta cire silifas ta ba ta biyun da aka saba. Nan take sittin da uku ya koma sittin da huɗu. Wannan lamba ɗaya ita ta hallaka marigayiya. Mai walda yana cin abinci ya gani da idonsa. Ya wanke hannu, ya ce in silifas biyu sun kawo ɗaya, sauran talatin da shida aikin maza ne.

Da tafin hannu ya fara, ya koma dunƙule. Da bai ga canji ba ya zaro sifana daga aljihun wando ya bi gefen hagu da ita, ya zaga dama, inda ba a taɓa dukanta ba. Murfin gefe ya ɓalle ya faɗa bayan kujera. Maiɗakina ta rungume allon kada ya faɗi, tana karanto masa lamba bayan kowane bugu, sittin da huɗu, sittin da huɗu. Sai ya ɗaga marigayiya da hannu biyu, wayoyinta suna reto, ya maka ta a kan tebur. Ya sake. A na uku ƙafar teburin ta tsage, fiffiken fankar da ke cikinta ya karye ya yi tsalle cikin kwanon miya. Daga shago na ɗauka maƙwabci ne ke fasa bango. Abin da ya sa na yar da tef na ruga shi ne wata murya da ban taɓa ji daga bakinta ba: tak, tak, tak, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

Na tarar da allo ya yi shuɗi, mai walda yana share zufa da gefen riga. Ya dube ni ya ce, “Malam Kafinta, amaryarka akwai taurin kai, amma ta kusa.” Ta ƙara tak biyu. Allon ya yi baƙi.

Da mijin 'yata ya dawo ya ga gawar, sai ya zagaya ta yana dubawa. Daga baya ya ce a yi haƙuri, ƙarfe ne, tunda muryar Yaya tana cikin filashi. Ya sa shi a tasa kwamfutar ta hannu. Hotunan suka fito, duka ɗari biyu da goma sha biyu, kowanne da kibiyarsa. Ya danna na farko, bai buɗe ba. Ya danna na biyu. Ya danna na ƙarshe. Sannan ya sunkuyar da kai, ya rage murya yadda mai walda ba zai ji ba.

“Baba, waɗannan alamun hanya ne kawai. Gidan da suke nunawa yana can cikinta.”

Ranar Litinin muka kai ta wurin mai gyara. Ya ciro ma'ajiyarta, ya kanga a kunne, ya girgiza kai, sannan ya kwance ta a gabana. Ya nuna mini faifai mai sheƙi da wata 'yar allura, ya ce faifan yana juyawa aka yi ta bugu, allurar ta yi ta kartar fuskarsa har ta cinye. Ya shafa yatsa a ciki ya ɗago mini da baƙar ƙura, ya ce abin da na ajiye ke nan.

Na dawo da ita shago, na rufe ƙofa, na kwantar da ita a kan bencin aiki, na ɗauki babbar guduma. Ban ƙirga ba. Na san ƙarfe ya naɗe, koren allon cikinta ya tarwatse, wani guntu ya yanke ni a goshi. Na san ba ita ta yi laifi ba. Amma mai walda ƙanin matata ne, matata kuma matata ce, mutum kuwa ba ya iya kai wa kansa guduma, ko da yake a ƙarshe na samu yatsu biyu. Babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar.

Marigayiya ta bar allo guda mai lafiya, da madannai waɗanda rabin haruffansu suka goge, da maus, da tagwayen lasifika, da makirufo. Ta bar ƙanwarta firinta, wadda ba ta ce uffan ba tun ranar, ko da yake dama ta fi shekara ba ta magana da kowa. Ta bar filashi ɗaya cike da marayun kibiyoyi. Silifas ɗin yana nan ana sawa.

Ban jira Asabar ba. Ranar Laraba na je gidan ɗan Yaya, na zauna a ƙasa gaban gadonta, na faɗa mata komai, har da nawa. Ta daɗe tana kallona. Sai ta laluba sandarta da hannun da ke aiki ta sauke mini a ƙwauri. Ban janye ƙafa ba. Da zafin ya lafa, na buɗe baki na fara ba ta labarin zama na farko, daga ka, yadda ta ba da shi. Shekara bakwai ina ji, ashe da yawa ya zauna. Inda na yi daidai sai ta lumshe ido. Inda na kauce, sanda.

Mun yi tafiya mai nisa a haka, har muka iso ranar da mahaifiyarmu ta rasu, da wata maƙwabciya da ta ɗauke ni ta haɗa ni da nata jaririn ta shayar da mu wata bakwai. A nan na tsaya. Na ji sunan matar nan ya fi sau uku daga lasifika, amma ban riƙe ba, domin na san yana ajiye. Na faɗi suna huɗu, na sha sanda huɗu. Yaya ta ajiye sandar, ta yi ta motsa baki, jijiyar wuyanta ta tashi, sunan yana nan a bakinta ya ƙi fitowa. Ta juya fuska bango.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. An tattara abin da ya rage a cikin akwatin da na haɗa da guntayen katako, za a kai shi wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tasha. Mai walda ne zai ɗauka, a ka, a ƙafa, ba gammo. Hukuncin yayarsa ne, wato maiɗakina, ban sa baki ba. Ba za a yi zaman makoki a gidana ba. Daga ƙarfe goma ina ɗakin Yaya, 'yata tana rubutawa a littafi har yatsuna su sace. Masu son yin ta'aziyya su same mu a can, su zauna ta ɓarin da sanda ba ta kaiwa. Ana roƙon dattawan da suka haura saba'in, waɗanda suka san tsohon gidanmu, su daure su zo ko da ɗauko su za a yi. Kada kowa ya wahalar da kansa da kawo komai. Wanda ya san sunan matar da ta shayar da ni, ya zo da shi, ya faɗa da ƙarfi yadda Yaya za ta ji.