Nomau da Keken Kawunsa

A Tungar Barau, wani ƙauye da rafuka suka kewaye, akwai wani mutum mai suna Nomau. Yana zaune da mahaifiyarsa Inna Tabawa da matarsa Lantana. Ba shi da ƙiwuya, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi. Da kawunsa ya bar masa tsohon keke, sai ya zama shi ake aike ƙauyukan ƙetare.

Wata rana da damina Lantana ta ba shi daddawa ya kai wa yayarta. Ta ce in ya tarar rafi ya kawo, ya jira ruwan ya wuce. Nomau ya jingine keke ya zauna. Ruwa ya janye har yara na hayewa iya gwiwa, shi ko gezau. Da yamma Lantana ta biyo sawu ta same shi yana gyangyaɗi.

Ya ce, "Ai tun safe yake wucewa, har yanzu ban ga ƙarshensa ba."

Wata rana kuma ya isa babban kogi, inda sai da kwale-kwale. Mai fito ya ce masa, "Malam, hau mu tafi." Nomau ya ɗare keke, ya taka feda, ya zarce cikin kogi. Da ƙyar aka tsamo shi, keken kuwa sai da masunta suka sa ƙugiya. Yana tsiyayar ruwa ya yi wa mai fito ƙorafin cewa shi ya hau, su ne ba su taho ba.

Wata rana ƙanwarsa ta haihu a Gidan Jatau. Ranar suna Inna ta tashe shi da sassafe, ta ce, "Ka yi sauri, kada ka bari kowa ya riga ka." An kwana ana ruwa. Daidai bakin gadar katako sarƙar kekensa ta zame. Yana cikin gyara sai ga motar 'yan kasuwa maƙil da mutane. Nomau ya gicciya keke a hanya, ya miƙe a kansa. Direba ya yi ham, ya yi lallashi, ya yi zagi, Nomau ya ce Inna ta hana. Ana shirin ɗauke shi caɗak sai aka ji ƙara. Ambaliya ta tumɓuke gadar, ta yi gaba da ita.

Direba ya durƙusa ya riƙe hannunsa, matan motar na ta sa masa albarka. Shi kuwa ya turo keke gida ransa a ɓace.

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Na tare kowa, gadar ce kawai ta riga ni tafiya."