Furannin Da Na Kai Wa Sinyora

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da idona ya faɗa kan furannin nan ba. Suna cikin bokiti a ƙofar wani shago a unguwar Handsworth ta Birmingham, farare da rawaya, kowanne da kai mulmul kamar curin fura. Sai na ji zuciyata ta ce, "Ga abin da zai cece ki yau." (Wannan zuciyar littattafan soyayya ne suka rene ta, waɗanda a cikinsu ba a taɓa miƙa fure an ga ba daidai ba.)

Lokacin ana tsakiyar tsuke bakin aljihun gwamnati. Kansil, wato ƙaramar hukuma, ta sallame mu daga aiki, na yi wata bakwai a gida kafin Hajiya Balaraba ta ɗauke ni gwaji a shagonta na takalma da jakunkunan biki 'yan Italiya. Ranar za mu Manchester ganin mai masana'antar da ke ba ta kaya, wata dattijuwa, Sinyora Rosa, da ɗanta Marko. Wani ɗan kasuwa na neman ƙwace mana su. Hajiya ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, in ba a sabunta yarjejeniyar ba, ba ta da wurin ajiye ni.

A jirgin ƙasa ta yi ta ja mini kunne. "Goge takalminki, ƙafa suke fara kallo. Kar ki kira sunanta gatsau, Sinyora za ki ce. Kuma kar ki yi zancen kasuwa sai sun ci sun sha." Ta dubi furannin ta taɓe baki. "Wannan kuma fa, amarya za mu kai?"

"Hajiya, ai kin ce kwanan nan aka yi mata aikin zuciya."

"To, Allah ya sa alheri."

Ni kuwa har na gama tsara labarin: za ta rungume ni da ƙwalla, ɗanta ya kafe ni da ido ta saman gilashi. (Ban taɓa ganinsa ba, amma na riga na ba shi tsawo da saje.)

A gidan abincin da muka haɗu da su na rusuna, na miƙa wa Sinyora furannin da hannu biyu. Ba ta karɓa ba. Murmushinta ya ɗauke, ta ja kujera baya, ta taɓa goshi da ƙirji, alamar gicciye irin ta Kirista. Marko, gajere mai sanƙo, ya fizge furannin ya tura ƙarƙashin tebur.

"Wa ya ce ki kawo wannan?" ya tambaye ni da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. "A wurinmu maƙabarta kawai ake kai su. Mamata sati uku ke nan da fitowa daga asibiti."

Wato na yi tafiya daga Birmingham don in gaya wa baiwar Allah ta shirya.

Hajiya ta mintsine ni a cinya. "Kin kashe mu, 'yar nan," ta ce da Hausa, tana wa baƙin murmushi.

Aka kawo taliya, aka kwashe. Aka kawo kifi. Fayil ɗin yarjejeniyarmu na gefe ba wanda ya taɓa. Ni kuwa duk motsin da na yi sai ƙafata ta taɓa ledar furannin ta yi ƙara. Da aka kawo kofi na kasa daurewa. Na ce wa Marko ya fassara mata: a garinmu ba ma kai wa mara lafiya fure, kunu da lemo muke kaiwa, ni a littafi na koya, kuma littafin bai faɗi irin furen ba. Ina magana majina na zuba.

Sinyora ta dube ni. Sannan ta yi wata gajeriyar magana, Marko ya toshe baki kar dariya ta ƙwace masa.

"Ta ce ki adana kayanki, ba ta shirya ba tukuna. In lokaci ya yi za ta aiko."

Sinyora ta jawo fayil ɗin da kanta, ta sa hannu. Ni kuma na koma Birmingham da furannina a cinya, Hajiya ba ta yi mini magana ba sai da muka wuce Stafford. Tun ranar ko alawa zan ba baƙo sai na tambayi wanda ya san garinsu.

Shekara tara bayan haka, ina riƙe da shagon, wasiƙar Marko ta zo. Sinyora ta rasu cikin barcinta. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: "Mama ta ce a gaya wa yarinyar Hajiya yanzu ta kawo."

Na aika, farare da rawaya.