Masaukin Parosh

Duk faɗin Tamale babu mai ilimin Alhaji Abdulfatawu, kuma shi da kansa zai tabbatar maka. Larabci ya yi masa kaɗan, Turanci ya zama na yara. Shi Ibrananci yake ji, harshen Bani Isra'ila. Kalma biyu ya sani, amma ya riƙe su da daraja. Ta farko "shalom", wadda ta sa 'yan yalo-yalo, wato masu tuƙa babur mai ƙafa uku a unguwar Choggu, suke kiransa Farfesa Shalom. Ta biyu kuwa sunansa ce.

Shekara ashirin da suka wuce ya yi wata uku yana tuƙa wani injiniya Bayahude mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Duk inda injiniyan ya juya, Abdulfatawu na maƙale da shi, yana tsalle, yana ba shi shawarar inda ruwa yake. Ran nan mutumin ya dube shi ya ce, "Parosh!" Daga ranar bai ƙara kiransa da wani suna ba.

"Sarauta ce ya naɗa mini," in ji Alhaji. "Ma'anarta zakin da sarakuna ke tsoro. Ba kowa ake ba wa ba."

Da ya gina masauki mai ɗaki goma sha biyu a Gurugu, bai sha wahalar neman suna ba. Aka rubuta MASAUKIN PAROSH da ruwan zinare, aka zana zaki a gefe. Aka ɗinka sunan a tawul, a zanen gado, har a kan matasai. Yayarsa Salimatu ta ce, "Fatawu, ka tambayi wanda ya sani mana." Ya ce, "Yaya, wa zan tambaya? Ni ake tambaya."

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka dafa wake da shinkafa, aka sanyaya sobolo, wato zoɓo. Don a sami mai shaida, Alhaji ya gayyato Madam Lariba Azuma, wata dattijuwa Kirista da ta yi shekaru tana aikin fassara daga Ibrananci zuwa Dagbanci. Ya yi jawabin minti arba'in a kan kansa, sannan ya miƙa mata lasifika.

"Madam, faɗa musu asalin sunan nan. Ni in na faɗa, sai su ce yabon kai ne."

Madam Lariba ta gyara tabarau. Ta ce sunan tsoho ne ƙwarai, yana cikin littafinsu. Sunan kakan wani gida ne, kuma lokacin da Bani Isra'ila suka komo daga bauta a Babila, zuriyarsa sun haura mutum dubu biyu, su aka fara ambata a jerin gidaje.

Alhaji ya miƙe yana juya babbar riga. "Kun ji? Su aka fara ambata!" Aka yi tafi. Madam ta yi niyyar zama, ya tare ta. "Saura ma'ana, Madam. Kar ki rage komai."

"Alhaji, a bar shi haka."

"A'a! Jama'a na da haƙƙin ilimi."

Ta dube shi da tausayi, ta ce, "Ƙuma."

"Na'am?"

"Ƙuma, Alhaji. Ƙwaron nan mai tsalle, mai maƙale wa mutum yana cizo."

Wani daga can baya ya fassara da Dagbanci, dariya ta taso daga can ta gangaro gaba. Salimatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Amma babban malami ba ya faɗuwa a gaban jama'a. Alhaji ya karɓe lasifika ya ce, "Wannan Ibrananci na littafi ne. Nawa na baki ne, daga tushe. Bismilla, baƙinmu na farko su shiga su ga ɗakuna!"

Baƙin na farko wasu 'yan kasuwa ne biyu daga Kumasi, waɗanda suka ji komai a rumfa. Babban ya leƙa ɗaki, ya ga sunan a kan matashi, ya sosa wuya, ya sosa ƙafa. Ya juyo cikin ladabi ya ce, "Alhaji, Allah ya sa albarka. Amma don Allah, akwai wani masauki nan kusa?"