Farar Ƙasa a Kan Tsaga

A wani daji da ke gefen fadama, dabbobi suka gano cewa gida ya fi gona riba, sai kowa ya shiga gini yana zuba 'yan haya. Masu gidaje suka kafa majalisa a gindin kuka. Gafiya ce shugaba, Dila kuma dillali.

Akwai wata Bushiya, yarinya mai kunya, ko gaishe ta aka yi da ƙarfi sai ta dunƙule. Uwarta ta rasu ta bar mata ɗakunan haya biyu, ginin ƙasa. Ran da za ta je majalisa neman shawara, sau uku tana juyawa daga hanya. Da ƙyar ta isa, ta durƙusa.

"Ranki ya daɗe, tambaya ce da ni. Gara ta ci azara uku a ɗakin gabas, bangon na yamma kuma ya tsage ta bayan indararo. Azarar zan fara sauyawa, ko bangon? Ga damina ta matso."

Gafiya ta yi murmushi ta ce, "'Yar nan, haka uwarki ta ƙare rayuwarta tana kwaɓa ƙasa. Mu nan jari muka zuba, ba sadaka ba. Azara tana sama, wa ke kwana yana kallon sama? Ki cusa laka inda gara ta ci, ki shafe tsagar, ki bi da farar ƙasa. An ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. To, in babu kyan, wankan ya wadatar."

Dila ya ce, "Kuma a ƙa'idarmu ba a nuna gida sai da rani. Ke dai nuna mini azara ɗaya mai lafiya, ita zan ƙwanƙwasa wa mai nema ya ji."

Bushiya ta san halin azarar da gara ta ci, don ta taɓa zura yatsa gari ya zubo mata a ido. Amma abin da babba ya hango, an ce yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ta ce, "To." Da hannunta ta shafe ɗakunan biyu, suka yi fari ƙal.

Wata Zomanya ta zo neman ɗakin gabas da 'ya'yanta biyar. Dila ya ƙwanƙwasa azararsa, ta yi ƙara kamar ƙarfe. Zomanya ta dubi mai gida ta ce, "Ƙanwata, rufin dai lafiya ko?"

Bushiya ta dunƙule.

"Kunya gare ta," in ji Dila. "'Yar gidan tarbiyya ce."

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Kafin ya ɗauke, rufin ɗakin gabas ya rufta, azara ta karya wa autan Zomanya ƙafa. Zomanya ta goyo shi cikin ruwan nan har ƙofar Bushiya, ta durƙusa a taɓo.

"Ki yafe mana, ƙanwata. Yaran nan ba sa jin magana, kullum tsalle-tsalle. Na san su suka girgiza miki rufin. Kada ki kai mu majalisa, za mu gyara a hankali."

Bushiya ta so ta dunƙule, sai ta ji kamar ƙayoyinta ciki suka juya. Ta daɗe tana kallon ƙafar yaron tana lilo.

"Yaya, ba su ba ne. Na sani tun kafin ki shiga."

Zomanya ba ta zage ta ba, da ma zagin ta yi. Ta tashi, ta gyara goyonta, ta ce, "Allah ya kyauta. Ina ne gidan maɗori a unguwar nan?"

Majalisa ta zauna da yammacin ranar. Bayan dogon jawabi aka yanke cewa ruwan bana ya zo da ƙarfin da ba a saba ba, aka naɗa Kwaɗo ya binciki lamarin ruwan.

Washegari da safe Bushiya ta fitar da tabarmarta waje, ta bar wa Zomanya da yaranta ɗakin kwananta. Sannan ta ɗauki tsingaro ta nufi ɗakin yamma, ta kankare farar ƙasar tun daga sama har ƙasa, tsagar ta fito, faɗinta ya isa ƙadangare ya shiga ya juya. 'Yan haya da ke wucewa suka tsaya suka kalla, kowa ya koma gida ya sa farce a bangon ɗakinsa.

Daga ranar ne, kamar yadda majalisa ta tabbatar, gidajen dajin suka fara tsagewa.