Ranar da Na Zama Ƙafar Teburin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na yi a tsugune ƙarƙashin wani tebur a Argungu ba, sanye da babbar riga ta aro, dattawa sun kewaye ni suna kallon duga-dugaina. Ku bari in faro muku daga tushe, don in ba haka ba za ku ce aljanu ne suka buge ni.

Lokacin ba a daɗe da cire mu daga Sakkwato an ba mu jiharmu ba. Birnin Kebbi ta cika da sababbin ma'aikata, duk wanda ka sani ya samu ofis da kujera, har wanda muke ba amsa a aji. Ni kuwa da na gama karatun lantarki sai na ce ba mai sa ni sa hannu da safe, na buɗe ɗan shago a Gwadangaji ina gyaran rediyo da fanka da talabijin. Na sa aka rubuta mini allo: Injiniya. (Allon ya fi ƙofar shagon faɗi, sai da muka ɗaure gefensa da waya.)

A lokacin ina neman Kulu, malamar firamare ce a Argungu. Tana sona, ina sonta, wannan ba gardama. Matsalar ita ce ƙanen mahaifinta, Baffa Sani, wanda ya tsaya kai da fata cewa ba za a ɗauki yarinya mai takardar malanta a ba mai tonon rediyo ba, alhali ga samari masu albashi suna ta aiko gaisuwa. Mahaifin nata, Alhaji, mutum ne marar yawan magana. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya aiko Kawuna da saƙo: akwai wani tsohon tebur a ɗakin ajiyarsa, a kai wa yaron ya duba, yana son ya ga hannunsa. Ranar da na mayar da shi, ranar za a ba mu amsa.

Na ji an ce tebur, na yi dariya. Da muka je ɗauka da a-kori-kura sai dariyar ta koma ciki. Wani dogon akwati ne mai ƙafafun ƙarfe huɗu, samansa gilashi, a bayansa wani akwatin a tsaye da hoton jirgin ruwa da lambobi masu juyawa. Ƙarƙashin gilashin fili ne mai fenti, cike da 'yan turaku da robobi da ƙwayayen fitila, can ƙasa ga wasu 'yan hannuwa biyu da rami a tsakaninsu. Turawa na ce masa pinbol. Alhaji ya yi wa wasu Turawa masu aikin hanya kuku a ƙuruciyarsa, da za su tafi suka bar masa. Teburin ya mutu tun kafin a haifi Kulu, kuma ni ban taɓa ganin irinsa ba, balle in ga yadda ake wasa da shi.

To, mai hankali me zai yi? Zai tambayi mai abu. Amma mai abun nan surukina ne da nake nema. Ni da nake cire takalmi tun daga bakin titi, in tsuguna nesa, in kafa ido a ƙasa kamar na yar da allura, ta ina zan buɗe baki in ce, "Baba, yaya ake yi da shi?" Shi ma kansa ba ya yi mini magana kai tsaye. Yana tsaye ana ɗora teburin a mota, ya dubi bango ya ce, "A yi mai a hankali." Na dubi ƙasa na ce, "In sha Allahu." Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Na lallaɓa wajen Kulu a zaure na ce ta taimaka ta tambayar mini.

Ta riƙe haɓa. "Ni? In tunkari Baba da zancenka? Wallahi ko sunanka ban iya faɗi gabanshi. Ba kai ne Injiniya ba? Na ga allon."

Haka na dawo Gwadangaji da teburi da girman kai.

Gaskiya dai, a yaba mini, na yi aiki. Da na buɗe cikinsa na tarar ɓeraye sun yi unguwa, zanzaro ya gina gidaje a kan wayoyi. Na share, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya na liƙe waɗanda aka ci da dalma. Na goge bakin kowane makunni da sanfefa har ya yi ƙyalli. Kwayil guda, wato naɗin waya, ya ƙone, na zauna na sake naɗa shi da hannuna. Robobin duk sun ruɓe, na yanko tsohon tub na keke na yi sababbi. Na rufe shago ga kowa, masu rediyo suna zuwa suna zagina suna komawa. Ranar da na jona shi, fitilun suka kama, ƙararrawa ta ce ƙililin, lambobi suka juya, 'yan hannuwan nan suka yi fat-fat da na danna maɓallan gefe, sai da na taka rawa ni kaɗai a shago.

Abu ɗaya ne babu, ƙwallon da ake wasan da shi. Na duba ko'ina ban gan shi ba. Na aika Kawu ya yi bincike cikin dabara, aka ce yana wajen Alhaji, ya naɗe shi a tsumma mai mai tun shekarun nan don kada ya yi tsatsa, kuma ba ya ba kowa. To da me zan gwada? Na sayi lemon tsami, na zaɓi wanda ya fi mulmuluwa, na ɗora a saman filin. Ina sakinsa ya gangaro sululu ya faɗa rami. Na sake, ya sake. Ko ina na ajiye shi, ramin yake nufa.

Nan fa ilimi ya motsa. Na ja baya na ƙare wa teburin kallo, sai na ga ashe a karkace yake, baya ya ɗaga, gaba ya yi ƙasa. Na ce af, ga ciwon! Na taɓa ganin teburin sanuka a Sakkwato, na ga yadda ake wahala a daidaita shi don kada ƙwallo ya gudu da kansa. Wane irin wasa ne ƙwallo zai riƙa kai kansa rami ba a buga shi ba? Na yanke hukunci cewa shekaru ne suka lanƙwasa shi, ko kuma wani ɗan koyo ya taɓa yi masa gyaran banza. (Har tsaki na yi wa wannan ɗan koyon da ban sani ba.)

Akwai 'yan kusoshi a ƙarƙashin ƙafafun baya, na murɗa su ciki duka, bai isa ba. Sai na kwance ƙafafun biyu na kai wa mai walda, na auna masa kamar yatsu huɗu na ce ya datse. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Kai dai yi abin da aka sa ka." Na dawo na ɗaura, na ɗora lemon tsami a tsakiya. Ya zauna daram, ko motsi. Wallahi a ranar ji na yi da Turawan nan suna kusa da sun zo sun ɗauki darasi.

Ranar mayarwa na ari babbar riga mai sitaci wajen wani abokina, muka ɗauki hanyar Argungu ni da Kawu, teburi a baya an lulluɓe shi da zane kamar amarya. Muka tarar an shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida. Ga Alhaji, ga Baffa Sani yana taunar goro yana harare-harare, ga maƙwabta tsofaffi da suka san teburin tun yana da rai, ga masunta biyu da suka dawo daga gulbi suka tsaya kallo. Ta saman katanga kuma ina hango ɗankwalaye suna leƙe, na san Kulu na cikinsu.

Aka jawo waya daga ɗaki, na jona. Fitilu suka kama, ƙararrawa ta buga, wurin ya ɗauki "Allahu Akbar!" Wani tsoho ya ce, "Kai, wanga yaro ya tada matacce!" Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, amma cikina fari ƙal. Na saci kallon Baffa Sani, na ga ya daina tauna.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya fito da tsumma, ya warware. Ƙwallon ƙarfe ne, yana sheƙi. Na zame gilashi, ya saka shi da kansa, na mayar. Ya tsaya a gaban teburin, ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga. Sai na ga ya ɗan yi turus, ya dubi teburin daga gaba zuwa baya. Sannan ya ja sandar harba ƙwallo da ke gefe ya saki.

Ƙwallo ya tafi sama a guje, ya bugi turke, ƙililin, ya bugi wani, ƙililin, ya yi gefe, ya rage gudu, ya rage, ya zo tsakiyar fili ya tsaya cak.

Alhaji ya danna maɓallai. 'Yan hannuwa suka yi fat-fat a iska, ƙwallo na can nesa da su yana hutawa. Ya sake dannawa. Shiru. Ni kuwa har lokacin ban gane ba, ina ma jiran a yaba yadda ya tsaya kyam.

Alhaji ya zagaya baya a hankali, ya duƙa, ya shafa ƙafar da aka datse, inda walda ta bar baƙi. Ya miƙe ya dubi Kawu, ba ni ba.

"Malam, wa ya rage mai ƙafa?"

Kawu ya dube ni. Kowa ya dube ni. Na ce da ƙasa, "Baba, a karkace na same shi, shi ne na daidaita."

Baffa Sani ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi. "Ya daidaita! Jama'a kun ji, ya daidaita! Gangaren nan ai shi ne wasan, Injiniya! Ƙwallo shi gangaro, kai ka tare. Da an ba ka gulbi ma sai ka daidaita shi ruwa shi tsaya!"

Innalillahi. Daga bayan katanga wata ta ƙyalƙyale, aka ce mata shit. A raina na ce shi ke nan, Kulu ta tafi, na datse aurena da zarto.

Ban san lokacin da na yi abin da na yi ba. Rikicewa ce kawai. Na tattare babbar riga, na rarrafa ƙarƙashin teburin ta baya, na tokara kafaɗa na ɗaga, wai in nuna ai abin mai sauƙi ne. Sai na ji gurrr a saman kaina, ƙwallo ya gangara. Sai fat! Sai ƙililin! Alhaji ya koma gaba ya tare shi, wasa ya kankama.

Wani ya ce a kawo bulo a tokara. Na ji muryar Alhaji, da wani irin zumuɗi da ban taɓa ji a bakinsa ba: "A'a, kar a taɓa! Hakan ga ya yi daidai!"

Jama'a, ashe tsohon nan gwani ne. Ƙwallon ya ƙi faɗawa rami. Duk nauyin teburin a baya yake, kuma bayan yana wuyana. Ƙararrawa na bugawa a cikin kunnena, lambobi na ta ƙaƙas-ƙaƙas, tsofaffi na ihu, "Tare shi, Alhaji! Ga shi nan hagu!" Shi kuma yana dariya har da buga ƙafa. Ni ba abin da nake gani sai takalman mutane. Sitacin rigar aro ya jiƙe ya manne mini, hulata ta faɗi, wata kaza ta zo ta tsaya tana kallona ido cikin ido. Na so in ce a taimaka, amma ta yaya zan katse wa suruki wasan da ya yi shekaru yana jira? Na cije leɓe na yi ta salati a zuci.

Can gwiwoyina suka fara kaɗawa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai reto a cikin akwatin, wanda na goge ban san amfaninsa ba, ashe in aka girgiza teburin shi ke kashe wasa. Na yi wata karkarwa, sai ɗif, 'yan hannuwa suka mutu, ƙwallo ya gangara rami.

"Ƙafar ta yi rawa," in ji wani tsoho, wurin ya sake ɓarkewa.

Sai a lokacin aka kawo bulo biyu aka cusa, aka jawo ni waje ta ƙafa. Na kasa miƙewa, na zauna a ƙasa wuyana a karkace, ina jiran hukunci. Baffa Sani ya share hawayen dariya ya ce, "To Yaya, ka dai gani da idonka. Mi za mu ce ma baƙi?"

Alhaji ya ciro ƙwallonsa, ya goge shi, ya naɗe a tsumma. Sannan ya dubi bango, kamar kullum.

"Yaron bai iya tambaya ba," ya ce. "Amma na ga anka aza mai nauyi bai aje ba, bai kuma yi ƙara ba. Tambaya kuwa, Kulu ta koya mai, ai malama ce. A sa rana."

Wata guɗa ta tashi daga bayan katanga. Ni kuwa ko godiya na kasa yi da kyau, don wuyan ya ƙi juyawa, sai gefe guda na yi ta sunkuyawa.

Tun daga ranar, in aka kawo mini abu na ga ya karkace, ba na taɓa zarto sai na tambayi mai shi, ko da zai sa in kalli idon suruki, don wani abin a karkacen yake aiki. Kulu kuwa ta riƙe umarnin mahaifinta da gaske, tana nan tana koya mini har yau. Kuma duk ranar da tebur ya yi rawa a gidanmu, ba ta neman abin tokarawa, ni take juyowa ta kalla.