Tukuicin Baba Illa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka sallami Baba Illa ba, ko da zan so in manta. Shi ne maigadin wata ƙaramar cibiyar koyon sana'a ta gwamnati a Arlit, inda nake riƙe da kuɗi. Mutumin Tawa ne, ya tsufa a bakin ƙofarmu.

A da, abin da muke samu na hayar zauren taro yana bankinmu nan cikin gari. In buƙata ta taso, darekta ya sa hannu, in sa, magana ta ƙare. Sai aka rufe asusun, aka ce kowane kuɗin gwamnati ya koma asusu guda a baitulmali, mai so ya rubuta ya jira. Ni aka tura Yamai taron bayani, na dawo da jaka cike da takardu da baki fal da wa'azi. Duk wanda ya yi ƙorafi sai in ce masa ɓarayi kaɗai tsarin ke tsorata. (Har yau ban ce tsarin banza ba ne. Bakina ne ya yi yawa.)

Da ritayar Baba ta zo, cibiya ta yi masa alkawarin kuɗin sallama. Da su zai biya kamiyon, wato babbar motar kaya, da zai kai iyalinsa da kayansa gida. Na rubuta takarda tun da wuri, na buga ƙirji na ce sati biyu. Wata uku shiru. Ranar bikin sallama ta zo, baƙi sun cika zaure, direban kamiyon ma yana zaune a baya, don Baba ya ce masa yau za a biya shi.

Nan wayona ya motsa. Na yanka takardun taron Yamai daidai girman takardar kuɗi ta jikka goma, na cika ambulan ta yi kauri, wai a ɗauki hoto, daga baya in ja shi gefe in yi masa bayani. Na manta irin mutanen da Baba ya fito cikinsu. Ba a miƙa musu kyauta su bar wanda ya kawo hannu wofi.

Na ba shi, aka yi tafi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Tsaya ɗana, ba ka tafiya ba tukuici." Ya yage bakin ambulan a gaban kowa, zai ciro mini daga ciki.

Ya zaro ɗaya, ya juya ta, ya zaro wata. Bai iya karatu ba, amma ya san kuɗi. Wata malama da ke kusa ta leƙa, ta karanta da ƙarfi abin da ke jiki: amfanin asusun bai-ɗaya. Ko dariya ba wanda ya yi, da ma an yi da ta fi mini sauƙi. Direba ya tashi ya fita.

Baba ya laluba aljihunsa, ya ciro dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, ya danƙa mini. "Ungo. Ka dai ɗauko, ka gaji."

Awakinsa ya sayar ya biya mota. Kuɗin sun fito bayan ya tafi da wata biyar, na aika masa, ya aiko da godiya, abin da ya ƙara ƙona mini rai.

Yanzu in an tambaye ni yaushe kuɗi za su fito, cewa nake ban sani ba. Dala ɗarin tana cikin akwatin teburina, na kasa kashe ta.