Rasuwar Matajin Sakinatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta gaji da shi, ake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar matajin katako na Sakinatu, matar Kamilu, a gidan Malam Nababa da ke gabas da Ɗanbatta. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, a hannun mai shi, yana bakin aiki.

Marigayin ɗan icen aduwa ne. Mahaifiyar Sakinatu ce ta saye shi, ya shigo gidan nan a cikin kayan ɗaki, a lokacin da gashin amarya ke sauka har kafaɗa, mai kitso na ƙorafin yatsunta sun gaji. Bai taɓa ɓata ba, bai taɓa kwana a gidan aro ba. Duk wanda ya zauna a tsakar gidan ya san muryarsa da safiyar Juma'a: ƙarr, ƙarr, ƙarr, kamar ana jan tsintsiya a kan tabarma. A ƙarshen rayuwarsa muryar ta dushe. Sai dai shuu, ya wuce ba abin da ya tare shi.

Ciwon ajalinsa ba a jikinsa ya fara ba. Sakinatu ta haihu a shekarar da mudun gero ya gagari wanda ya noma shi. Ta zubar da jini da yawa. Aka yi mata wankan jego, aka cika ta da kunun kanwa, ranar suna kuma aka zaunar da ita aka yi mata ƙananan kitso, aka ja shi har girarta ta ɗage, don kada dangin miji su ce an kawo musu ƙazama. Waken gidan da gyaɗarsa da ƙwan zabinsa duk kasuwa suka nufa. Mai jego tuwo da miyar kuka take samu, ba safai da mai ba.

Gashi ya fara biyo matajin. Zubar gashi bayan haihuwa ba baƙon abu ba ne, yakan tsaya da kansa cikin 'yan watanni. Nata bai tsaya ba. Goshinta ya yi ta ja da baya ta inda kitso ya fi ɗaurewa, tsakiyar kai ta yi shara-shara, farcenta na karyewa, in ta ɗago daga daka sai ta dafa turmi ta jira duhun idonta ya wuce.

Sakinatu ta yi abin da uwarta ta koya mata. Mace ba ta yar da gashinta inda wani zai tsinta ya yi mugun aiki da shi. Duk abin da ta cire daga haƙoran matajin sai ta dunƙule, ta cusa a tsagar katangar bayan ɗaki, ta ɗaura ɗankwali ta fito. Katanga ta rufa asiri, ɗankwali ya rufa sauran. Ba wanda ya ga yawan abin da ke zuba, don ba wanda ya tambaya.

Da damina ta kankama, katangar ta faɗi. Gashi ya fito cikin laka, dunƙule-dunƙule, ya kusa cika ƙwarya. Gidan ya taru a kai. Inna Mairo, uwar Kamilu, ta duba gashin, ta zame ɗankwalin surukarta ta duba kan, ta yanke hukunci cewa sammu ne wani maƙiyi ya binne. Sakinatu ta ce, a hankali, "Inna, ni na sa shi da hannuna." Aka ce ai haka sammu yake, yakan sa mutum ya yi wa kansa.

Daga nan marigayin ya shiga wahala. An turara kan da hayaƙi. An sayo wani mai a wurin mai lasifika a kasuwa, wanda ya rantse yana fito da gashi har a tafin hannu. Da bai yi ba, aka haɗa baƙin man inji da kanwa da toka, aka damɓara, aka ce kada ruwa ya taɓa. Fatar kan ta ƙone, ɗan gashin da ya rage ya cuɗe ya zama dunƙule guda. Ranar Asabar Sakinatu ta zauna a bakin ƙofa ta sa matajin a ciki. Ya shiga, ya ƙi fita. Ta ja. Ya ce ƙas, ya rabu biyu. Ta daɗe tana kallon rabin da ke hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta hura wuta, don lokacin ɗora tukunya ya yi.

Ya kamata masu zuwa gaisuwa su san abin da ya kashe shi, don kada a ɗora wa maƙwabta. Ƙarancin jini ne, da yunwa, da kitson da ake ja kamar ana ɗaure buhu. Ana gane ƙarancin jini da ɗigo ɗaya daga yatsa. Ana maganinsa da ƙwayoyin ƙarin jini, da wake da zogale da ƙwai, da barin kai ya huta. Duk wannan a unguwar nan yake, ba a Makka ba. A gidan da ake wannan hidima, sanƙon Kamilu ya kai ƙeya, irin na ubansa, kuma ba wanda ya turara masa hayaƙi. An ce gado ne, har ana tsokanarsa wai alamar arziki. Yaran gidan kuwa makero ya cinye musu kai, aska ɗaya wanzami ke bin su da ita, an ce za su girma ya wuce. Gashin Sakinatu dai na iya dawowa in tushensa bai mutu ba. Abin tsoron shi ne jinin, don Sakinatu na da wani cikin, kuma da wannan jinin za ta je haihuwa.

Marigayin ya bar kibiyar kitso, wadda ta yi ritaya, da kwalbar man kaɗanya rabi, da madubi mai tsaga wanda mai shi ta kifa tun kafin girbi, da ɗankwali uku da aikinsu ya ƙaru.

Za a binne shi ranar Laraba da safe a bayan ɗaki. Ba zaman makoki, ba sadakar uku, kuma ana roƙon kada kowa ya zo da magani a leda. Daga wurin binnewa mai makoki za ta wuce asibiti a gwada jininta. Kamilu ya ce mashin ɗinsa na da wani aiki ran nan, don haka da ƙafa za ta tafi, goye da ɗanta. Wanda ya makara kuma yake son yin ta'aziyya ya bi hanyar da ta ratsa gonakin dawa. Tana tafiya a hankali, tana yawan tsayawa. Ba za ta yi wuyar cimmawa ba.

Sanarwa daga Khalilu, ƙanin Sakinatu.